Ɗan Rahmatu da Kujerar Sashen Ƙoda

Dakta Zainul'abidin Muhajir shekarunsa talatin da biyar, likitan ƙoda ne a wani asibiti da ke Alsawra, a Omdurman. A unguwar Mayo aka haife shi, mahaifiyarsa Rahmatu tana tuyar ƙosai a bakin tasha. Tun yana jami'a ya daina Hausa a gaban mutane. Abokan karatunsa kan yi wa Hausawa ba'a, shi kuma Larabcinsa ba ya tona shi.

A shekarar 2022 yana cikin likitoci tara masu neman ƙwarewa, kujerun horo a sashen ƙoda kuwa biyu ne. Dakta Basma, shugabar sashen, ita ke zaɓe, kuma a zagayen marasa lafiya take auna kowa.

Wata safiya suka tsaya a gadon wata tsohuwa mai kumburin ƙafa. Tasalla ce, maƙwabciyarsu a Mayo, wadda ta sha goya shi. Dakta Basma ta tambaye ta da Larabci ko tana shan wani magani a gida. Tsohuwar ta juya wajen Zainul'abidin, ta amsa da Hausa.

"Kai ɗan Rahmatu, gaya mata jiƙon kanwa da saiwoyi nake sha, safe da yamma. Yana nan ƙarƙashin gado."

Ya ji kowace kalma. Ya dubi takardar hannunsa, ya ce da Larabci da alama tsohuwar ta ruɗe. A ransa ya ce zai dawo shi kaɗai bayan zagaye ya ɗauke kwalbar jiƙon. Aka tura shi ɗakin gaggawa, bai dawo ba sai bayan kwana biyu. Ya tarar an garzaya da ita injin wankin ƙoda, zuciyarta ta kusa tsayawa. Ta rayu, amma ba ta sake rabuwa da injin ba.

Ya samu kujerar. Bai gaya wa kowa ba, ita ma Tasalla ba ta kai ƙararsa wajen Rahmatu ba. Duk ranar wankinta sai ya sauya aiki da wani don kada su haɗu. Da yaƙi ya ɓarke, cibiyoyin wanki suka rurrufe, ta rasu a gida. Har yau bai san ko jiƙon ne ya ƙarasa ƙodarta ba, amma ya san ta faɗa masa, kuma ya ji.

Yanzu likitoci uku ke koyo a hannunsa. Ranar Talatar da ta wuce aka kwantar da wani dattijo mai bugun bulo daga unguwar Aljirif. A zagaye, Zainul'abidin ya durƙusa a gefen gadon.

"Baba, ina kwana? Me kake sha a gida?"

Dattijon ya lissafa masa, har da wani jiƙo da ya ajiye a kwalba ƙarƙashin gado. Ya fassara wa ɗalibansa ɗaya bayan ɗaya, bai ɗaga kai ya dube su ba, sannan ya sa hannu ƙarƙashin gadon ya jawo kwalbar.