Ranar Da Na Faɗi Wanda Ya Karya Mini Hannu

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, har sunayen jikokina da hanyar gidana, akwai rana guda da na san ba zai iya taɓawa ba. Ni ban yi lakwal ba, ban iya rubutun boko ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce wa mai rubutun in ta ga ina kuka kada ta tsaya. Tun rasuwar maigidana hawaye ba ya yi mini wuya, kuma na daina ɓoye shi.

Marigayi dillalin bisashe ne a kasuwar Dakoro. Da Allah ya karɓi abinsa, ɗan farinmu ya shiga cikin masu kora garke da ƙafa zuwa kudu. Tafiya ce mai cin mutum, a can abokan hanya suka koya masa ƙwayar nan mai hana jin gajiya. Yaron da ko ido ba ya haɗawa da ni, sai ga shi yana dawowa ido jajir yana ɗaga mini murya. Ya sayar da awakin ubansa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage tunkiya guda, wadda marigayi ya sayo mini daga Azagor shekarar da zai rasu. Ranar da ya zo kwance ta na tare turken. Ya ɗauki taɓarya ya sauke mini. Na kare da hannu, na ji ƙashin ya ce ƙas.

Maƙwabciyata ce ta kai ni likita. Na ce santsi ne ya kwashe ni a bakin rijiya. Mai ɗorin ya dubi hannun, ya dubi shatar da ke kafaɗata. Da ya gama sai ya aika aka kira wata mata daga biro, wato ofishin da ke kula da matan da aka daka da mutanen da aka yi wa ta'asa. Ni ban ma san akwai irin wannan wuri a garinmu ba. Kowa Madam yake ce mata. Siririya ce, ba ta kai ɗiyata ta biyu ba a shekaru. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Inna, wannan rijiya taku tana da hannu ke nan?" Na kau da kai. Ta yi murmushi ta ce ba komai, za ta riƙa leƙo ni a gida ta ga yadda hannun ke warkewa.

Ku yaran yanzu ba lalle ku gane abin da ya rufe mini baki ba. Mu yadda aka tashe mu, uwa ko sunan ɗan farinta ba ta kamawa, balle ta kai ƙararsa. Abin da ya fi wannan kuma, na tashi da sanin cewa maganar uwa ba ta faɗuwa ƙasa. Na ɗauka in na buɗe baki na ce ɗana ya dake ni, to na yi masa baki ke nan, na rufe masa duniya da lahira. Na gwammace ya ƙarasa ni da in zama sanadin wutarsa.

Madam ta yi ta zuwa. Ba ta matsa mini ba. Ta kan gyara mini ɗaurin hannun, ta dama mini fura tunda hannu guda ba ya damu, ta tsokane ni wai tunkiyata ta fi ni ƙiba. A hankali na faɗa mata tsorona, amma a kan wata mata can da na ce na sani. Ta saurara har na gama, ta ce ita a ganinta matar nan ba tsinuwa za ta yi ba, magani za ta nemar wa ɗanta. Ta ce kuma su ba su iya kare mutum ko su kai nasa magani sai ya faɗa da bakinsa. 

Ranar da nake ba ku labari ranar kasuwa ce, da hantsi. Muna zaune a tabarma ni da ita sai ya faɗo gidan ba sallama, adda a hannu, ya nufi turke.  Na ce mata, "Ɗiyata, tashi ki fita, don Allah." Ba ta tashi ba. Ta dai yi wa maƙwabciyata da ke leƙe ta kan danga alama da ido, sannan ta ja jiki ta zauna a ƙasa tsakanina da shi, ta buɗe tafukan hannunta bisa gwiwa.

Sai ta kira shi da sunansa. Sunan da ni ban taɓa furtawa ba tun ranar da aka raɗa masa. Ta kira shi a hankali, kamar mai tayar da ƙaninta daga barci. Ta yi masa sannu da hanya. Ya daka mata tsawa ya ce wace ce ita, me ya kawo ta gidan ubansa. Addar tana sama, na rantse ina ganin hasken rana a bakinta. Ita kuwa ƙafafunsa take kallo, duk sun tsage suna jini. Ta ce, "Yaushe rabonka da barci?"

Har yau in na tuna tsigar jikina tashi take. Na ga maza masu gemu suna gudun yaron nan a unguwa. Ga yarinya ba sanda ba komai, muryarta ko rawa ba ta yi. Ya tsaya kamar wanda aka zuba wa ruwan randa. Ya ce bai sani ba. Ta ce ya zauna, rana ta yi zafi. Ya daɗe a tsaye, sannan addar ta sauko, ya zube a gindin turmi.

Lokacin ne ta juyo gare ni. Ta ce jandarma na ƙofar gida, maƙwabciyata ta kira su, amma ta roƙe su tun tuni cewa in irin haka ta faru su dakata sai ta yi magana. Ta ce, "Inna, yau dai ga ki ga shi. Wa ya karya miki hannu?"

Na dubi ɗana. Na ga ƙasusuwan wuyansa, na ga goshin ubansa. Na ce, "Shi ne. Ɗana ne ya karya ni. Amma Allah shaida ban yi masa baki ba. Ku taimaka mini da shi." Na runtse ido ina jiran abin da zai faɗo masa daga sama. Ba abin da ya faɗo. Tunkiya na ta tuƙarta. Sai na ji kuka, irin wanda rabona da jinsa tun yana goye a bayana.

Ba a ɗaure shi ba. Madam ta shiga mota tare da su har likitar Maradi inda ake kula da masu irin ciwonsa. Ni kuma ta sa na koma ɗakin maƙwabciyata har hankalina ya kwanta, ta haɗa ni da wasu mata da ke taruwa a bironsu, kowacce da nata tabon. A can na fara kuka a gaban mutane ba kunya.

Ba zan ce muku ya warke sarai ba. Yana Kornaka wurin baffansa yana noma, wani lokaci lafiya, wani lokaci sai addu'a. In ya zo gaishe ni a zaure yake tsayawa sai na ce ya shigo, haka aka sharɗanta masa. Hannun kuwa in hadari ya taso yana yi mini tsami, in tuna ubansa in yi kukana. Madam an yi mata canjin wurin aiki, ban sake ganinta ba, amma ba na sallame salla ban sa ta a addu'a ba.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, shirun da na ɗauka rufin asiri ne, shi ke cinye mu ni da ɗana. Duk uwar da ke cewa santsi ne ya kwashe ta, ta je ta faɗa. Ni na faɗa da bakina, kuma ga ɗana nan da ransa.