Kwanan Watan da ke Bayan Murfin Kabad

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta shaida mini cewa Allah Ya yi wa mai feshin maganin ƙwari na unguwarmu rasuwa bayan jinyar wata biyu. Wanda Ya ba mu aronsa Ya karɓi abinsa, mu ma muna tafe.

Baba Mai Feshi, kowa ya san ni ba mai saurin yabo ba ce. 'Ya'yana sukan yi shekara ba su ji "madalla" daga bakina ba. Amma shekara goma sha tara kana shiga gidana da tanki goye a baya, ban taɓa kama ka da ha'inci ba, dole in faɗa.

Yara suna kiranka Baba Kalanda, domin ba ka jira a kira ka. Kullum kana cewa a busasshen tudu irin namu, ƙwari ruwa suke bi, ruwan kuwa a cikin gidaje yake. Kafin zafi ya kankama kana zuwa saboda kunama da kyankyasai. Bayan ruwan farko ka dawo wa tururuwa da gara, kafin sanyi kuma ka toshe ramukan ɓeraye. Duk zuwa, sai ka buɗe kabad ɗin kicin, ka rubuta ranar dawowarka da fensir a bayan murfin.

A shekara ta uku na kore ka daga bakin ƙofa. Na ce, "Ko kunama ɗaya ban gani ba. Me za ka fesa, iska?"

Ka yi murmushi ka ce, "Uwar gida, ranar da kika gan ta, ai ta riga ta haihu a bangonki."

Na rufe ƙofata. Bayan sati uku, da safe, 'yata ta fari ta zura ƙafa cikin takalmin makaranta, kunama na ciki. Kwana biyu muka yi a asibiti. Da muka dawo na tarar da kai a tsakar gida. Na shirya jin gori, amma ba ka yi ba. Ka janye itacen da na jibge a jikin bango, ka nuna mini famfon da ke ɗiga a bayan kicin, ka cike tsagar ƙasan ƙofa da siminti. Abin da ka tambaya kawai shi ne, "Yaya ƙafar uwata?"

Ina so iyaye su ji wannan. Sakaci ne a zauna sai cuta ta shigo ɗaki sannan a tashi neman magani, kuma yara ne ke ɗanɗana kuɗar sakacin manya. Masu sana'a kuma su yi koyi da mutumin da bai taɓa fesa magani kusa da tukunya ko shimfiɗar yaro ba.

Yanzu waccan 'yar tawa ta zo mini da jaririyarta, za su yi wata uku a gidana. Yarinyar ta fara rarrafe, ba ramin da ba ta cusa yatsa, ga zafi ya ƙaraso. Tun da na ji rasuwarka hankalina bai kwanta ba. Jiya na buɗe kabad, sai ga rubutunka na zuwan ƙarshe, hannun duk ya karkace saboda ciwo: "20 ga Maris. Famfo, itace, ƙasan ƙofa, a kakkaɓe takalma. Kada a jira ni." Ashe ka san jikinka, ka yi shiru.

Ba mu jira ba, Baba. An gyara famfo, an janye itace, ƙaninka da ya gaji tankin zai zo ranar ashirin, ko da yake ban ga ko kunama ɗaya ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka da 'ya'yanka da ƙannenka. Allah Ya ba su haƙuri, Ya raya abin da ka bari. Kai kuma Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya yafe mini ƙofar da na rufe maka. Ya tsare makwancinka daga duk abin da ke cutarwa, kamar yadda ka tsare ɗakunan 'ya'yanmu. Amin.