Haƙorin da na cire a banza

Assalamu alaikum. Masu tambayar me ya sa aka daina jin muryata a lasifikar masallacin layinmu a Bosso, yau zan faɗa muku. Wata bakwai na yi shiru.

Bayan rasuwar Baba, dattawa suka ce ni zan gaje shi a ladanci. Ni ne babba. Ga shagon walda, ga ƙanne, ga Mama kwance da shanyewar ɓarin jiki. Ko hawaye ban yi ba ranar jana'iza, wai kar yara su karaya.

Ciwon ya fara ne ta gefen kunnen dama. In na tauna nama, muƙamuƙina ya yi ƙas. Daga baya ko hamma sai na tallafe haɓa.

Wata Alhamis na tsaya kiran la'asar, na buɗe baki, ya tsaya a rabi. Ya ƙi gaba, ya ƙi baya, ga lasifika a kunne. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Wani ne ya karɓa ya ƙarasa.

Kawuna ya ce tsutsar haƙori ce. Aka yi min hayaƙi, shiru. Ya kai ni wurin wanzami, ya ƙwanƙwasa turamen haƙorana ɗaya bayan ɗaya, ya ce na ƙarshen ne mai laifi, ya fizge shi. Na ga taurari! Kwana huɗu ciwo ya dawo. Wanzami ya ce to na kusa da shi ne, in koma Asabar.

Liman kuma ya ce, "Malam Sani, in abin ya gagara, mu nemi wani ladanin." Kwana biyu ban iya haɗiye ko koko ba.

Matata Hajara ce ta tare ƙofa ranar Asabar. "Baban Ummi, in ka koma wurin mutumin nan, ni da kai ne. Haka za ka ƙarar da haƙoranka?"

Muka hau keke mai ƙafa uku zuwa asibiti. Kati, layi, hoton haƙori, duk da kuɗinsu. Ina zaune ina ta raya ciwon daji ne. Na miƙa wa likita haƙorin da aka cire, a ƙunshe a takarda. Ta juya shi ta ce, "Wannan ai lafiyarsa ƙalau."

Ta nuna min yadda sauran suka siɗe, ta tambaya ko ina barci. Na ce ƙalau. Hajara ta ce, "Ƙarya yake, likita. Kwana yake yana cizon haƙora kamar ana niƙa."

Sai likita ta ce, "Me ya faru da kai bana?"

Na ce Baba ya rasu. Ƙato da ni, na yi ta kuka a kujerar nan, bakina cike da auduga.

Aka yi min roba ta sawa a baki lokacin kwanciya, ba ta da arha. Aka ce in riƙa gasa muƙamuƙi da ruwan ɗumi, in ci abinci mai laushi. Da likita ta tura ni wurin likitan ƙwaƙwalwa na harzuƙa, na ce ni ba mahaukaci ba ne. Na dai je. Ashe damuwa ce ke sa ni cizon haƙoran, kuma tana da magani.

Juma'ar da ta wuce na koma kiran salla. Na kai ƙarshe. Alhamdulillah. Na gode wa Hajara, da likitocin, da Liman da ya jira ni.

Don Allah kar ku bari a cire muku haƙori ba hoto. Ku riƙa zuwa a duba ko ba ciwo. In kuma ɗan'uwanku ya yi rashi kuka ga ya dake, kar ku tsaya yabonsa, ku zauna ku tambaye shi. Ni kowa ya yaba min, har na rasa wanda zan faɗa wa na gaji.