Ankon Inno Rahamatu Mai Ƙyalle Sha Tara

Shekara talatin da ɗaya ƙanwar babana, Inno Rahamatu, ta yi tana taka keken ɗinki a wani ɗan shago a Sabo, unguwar Hausawa a ƙasar Yarabawa. Wata mai kantin kaya a unguwar Mokola ce ke kawo mata aikin manyan mutane, ta karɓa ta liƙa sunanta a wuyan riga. Inno ba ta taɓa ganin ɗinkinta a jikin mai shi ba. Da idonta ya fara hazo, sai abin ya tsaya mata a rai.

Shekara shida ke nan da aka shirya walimar karrama 'yan fim, na Kano da na Yarabawa, wata Asabar bayan azahar. Leshi ruwan zuma aka fitar na anko, Inno ta ɗinka riga goma sha huɗu.

"Fadimatu, a bikin Yarabawa wa ke tambayar mai anko kati?" ta ce da ni. "Kwaso min ragowar ƙyallayen nan."

Na ƙirga, sha tara. Kwana uku ta haɗa su riga guda. Ni ko hannu ɗaya ban samu ba, sai na zama mai riƙe jakar Hajiya, wato Inno.

Masu gadi huɗu ne a ƙofa. Babbansu ya kalli leshin ya rusuna, ya yi mata maraba da Yarabanci: "Ẹ káàbọ̀, Mama!"

"Ke, rufe baki ki daina rawar jiki," Inno ta raɗa min. "Za ki tona mana asiri."

Teburi arba'in da biyu, taurari ashirin da uku na gane. Ina ta zungurin ta: ga mai fitowa a boka, ga mawaƙiyar nan! Ita kuwa ba fuska take kallo ba. Kusa take matsawa ta dubi kafaɗa.

"Wannan nawa ne. Wancan ma. Waccan ta ƙara ƙiba, da na sani na sakar mata inci biyu."

Mun samu sha uku, saura ɗaya mai aiki a wuya, wadda ta fi ba ta wahala. Har za a tashi sai ga ta ta nufo mu, a jikin jaruma Radiyya Mijinyawa. Na ce shi ke nan, an gano mu.

"Hajiya, don Allah wa ya yi miki wannan haɗin? Ban taɓa ganin irinsa ba."

Inno ta kai hannu ta gyara mata wuyan riga.

"Wadda ta yi miki naki, 'yar nan. Ɗan juya in ga bayan."

Radiyya ta juya, har sau biyu.

Bayan wata biyar Inno ta rufe keke, yau yana ɗakina. Yanzu ko zare ba ta iya sawa a allura, amma duk sanda na je gaishe ta sai ta ce, "Nawa ma muka gani ranar?"

"Sha huɗu, Inno. Cif."