Nyagondwe, Wadda Ta Zaunar da Temwa

Kullum da safe Malama Nyagondwe takan wuce ta gaban rumfata a kasuwar Rumphi, lema a hammata, tana tafiya kamar wadda ba ta taɓa makara ba. Ni kuwa ina nan ina kasa busasshen kifi, ina faɗa da ƙudaje. Wannan watan za ta yi ritaya daga koyar da Turanci, aka ce in faɗi alherinta. Zan faɗa, amma ku sani da kishi nake faɗa.

'Yata Temwa, lokacin tana yarinya, ba ta iya zama wuri ɗaya. Ƙafa na kaɗawa, farce a baki, ko cokali ya faɗi sai ta zabura. Na yi duka, na kai ta coci an yi addu'a, duk a banza. Har shugaban makaranta ya kira ni ya ce, "Nyachirwa, in zangon nan ya ƙare ba ta natsu ba, ki riƙe abarki a gida."

A wannan zangon ta faɗa ajin Nyagondwe, kuma 'yan ajin shaida ne. Ranar darasin kalmomin rashin natsuwa, malamar ta ce, "Turawa suna da suna daban ga mai mutsu-mutsu, daban ga mai zabura, daban ga mai kai-komo. Temwa, fito, ke ce gwanarmu, nuna musu." Duk kalmar da aka rubuta a allo Temwa ta kwaikwaya, aji ya kaure da tafi. Abin da ake dukanta a kai, ranar shi aka yaba.

"To, saura akasinsu," in ji malamar. "Yi mana mai natsuwa, da wasa kawai."

Temwa ta ɗora hannu a cinya, ta sauke numfashi, ta zauna shiru har aka kaɗa ƙararrawa. Daga ranar, in jikinta ya tashi, ido kawai malamar ke yi mata, ta koma wasan. Ba a kore ta ba.

Ta dawo gida ta ce, "Mama, ashe na iya!"

Na ce, "Ni da na haife ki ban isa ba, sai mai lema?"

Ke ce, Nyagondwe, ruwan sanyi mai kashe wuta. Temwa yanzu ma'aikaciyar jinya ce, hannunta ba ya rawa in tana allura. Bara ta haifi mace. Na riga na baza a kasuwa cewa takwarata ce, sai na ji an sa mata Tiwonge, sunanki na yanka. Kwana na yi ban ci tuwo ba.

Duk da haka na gode, Malama, Allah ya saka. Malamai, kafin ku ɗaga sanda ku je ku tambaye ta yadda take yi. Ni dai ga ni nan da Tiwonge a baya, ita ma ba ta zama wuri ɗaya, kuma sai na kira sunanki take yin shiru.