Taken da Muntaka Ya Koya a Faifai

Muntaka mahauci ne ɗan mahauci, a Inugu aka yanke masa cibiya. Rikicin sittin da shida ya ci ubansa, shi kuma ya tsira zuwa Kano da rigar wuyansa. Da yaƙin basasa ya ƙare ya dawo Inugu, kasuwar Ogbete, ya tarar wani Kallamu ya gaje teburin ubansa. Da ƙyar aka ba shi wuri a ƙarshen layi, inda ƙuda suka fi masu saye yawa.

Teburin bai ci masa rai kamar take ba. A layin mahauta kowa da takensa. Da hantsi mai kalangu zai bi layi, ya tsaya gaban kowane tebur ya kaɗa ɗan sautin da kowa ya san na mai wurin ne, shi kuma ya ɗaga wuƙa, jama'a su juyo. Wanda ba shi da take ba a sa shi cikin maza. Mai kalangun kuwa Gimba ne, tsoho mai riƙon tsiya, wanda uban Muntaka ya taɓa kora a bainar jama'a. Muntaka ya kai masa hanta, ya kai cinya, ya durƙusa ya kira shi Baba. Gimba ya cinye naman tas, amma in ya zo daidai teburinsa sai ya sauke hannu, ya tofar da yawu, ya wuce.

A bayan kasuwa akwai shagon Obiora mai gyaran rediyo, wanda ya yi kiɗan jita kafin yaƙi. Wata rana Muntaka na wucewa ya ji faifan wasu Turawa masu dogon gashi. Jitar na ruri kamar bijimi, ɗan gajeren sauti mai kauri, ta tafi ta dawo kansa, ta sake dawowa. Ya tsaya cak, ya tambayi Obiora taken wane ne wannan. Obiora ya dube shi a wulaƙance, ya ce ba na kowa ba ne. Muntaka ya ce to daga yau nasa ne.

Obiora ya rasa 'yan uwa a yaƙi, ba ya ƙaunar ganin Bahaushe a shagonsa. Ya yarda ya ba Muntaka hayar tsohuwar jita da garmaho da faifan, amma ko ɗora yatsa bai nuna masa ba. Faifan ne malaminsa. Ya ɗaga allura ya mayar, ya ɗaga ya mayar, har faifan ya fara shashshaƙa. Tsirkiya ta tsaga masa yatsu, da safe ya riƙe wuƙa da su a haka. A hankali ya gano yadda ake danne sautin da gefen tafi ya fito a dunƙule, da yadda ake tura tsirkiya sama har ta yi kuka. Dattawan layi suka ce ɗan mahauci ya koma maroƙin otal, wasu suka daina amsa gaisuwarsa. Ko a jikinsa.

Shekarar da kuɗin mai ya cika gari, ya ɗauko lasifika da batirin mota ya girke a gefen teburinsa, ya saki sautin a jitarsa. Masu cefane suka yo ca, kafin azahar ko ƙashi bai rage ba. Gimba na tsaye daga nesa, kai a karkace, yatsunsa na motsi a jikin kalangu. Muntaka ya gan shi, daɗi ya kama shi, ya zaci tsohon ya sha kaye.

Washegari da hantsi Gimba ya tsaya gaban Kallamu ya kaɗa sautin nan tiryan-tiryan, har kukan tsirkiyar sai da ya fitar ta hanyar matse kalangun a hammata, maroƙinsa na kiran sunan Kallamu a kai. Muntaka ya taso da wuƙa a hannu, sai da ƙarti suka danne shi. Aka kai magana gaban Sarkin Fawa.

"Mutum ba ya kaɗa wa kansa take, Muntaka, kai ma ka sani," in ji shi. "Wanda mai kalangu ya ba, shi ke da shi."

Bai ƙara kwana a fawa ba. Ya bi 'yan kiɗa zuwa unguwar Fegge a wani garin kudu, daga can Fatakwal, ya kuma ƙware sosai, don ya cinye faifan Turawan nan kaf. Sautin farkon nan ne kawai ya ƙi taɓawa, har furfura ta fito masa. Wata Asabar, a wajen biki kusa da Kasuwar Creek Road ta Fatakwal, hannunsa ya zame kan sautin ba shiri. Wani Bahaushen Inugu da ke cikin taron ya zabura ya ɗaga hannu sama.

"Sai Kallamu!" ya ce. "Ashe har nan an san taken Kallamu!"

Muntaka ya zare wayar jitar ya naɗe, ya ce wa 'yan kiɗan su ƙarasa ba shi.