Yadda Na Sa Shagari a Ƙarƙashin Boɗinga

Karatuna bai yi nisa ba. Sakandare na gama, na zauna a shagon kwamfuta a Boɗinga ina buga wa mutane takardu, da haka na koyi haɗa shafukan intanet daga bidiyoyin da nake kallo a waya. Ƙungiyarmu ta manoman albasa da hatsi ta ɗauke ni aiki saboda babu wani a kusa da ya iya. Babban ofis yana cikin birnin Sakkwato, rassa biyu ne, ɗaya a Boɗinga, ɗaya a Shagari, kuma tun kafuwar ƙungiyar matsayinsu ɗaya.

Shugaban ƙungiyar ya gaji da rukunin waya da ma'aikata ke turo saƙonni, inda rahoton gona ke ɓacewa tsakanin gaisuwar Juma'a da sanarwar suna. Ya ce a gina mana shafi na cikin gida, wanda ma'aikata kaɗai za su shiga da kalmar sirri, kowane reshe ya riƙa aiko da rahotonsa ta nan. Ni aka ba aikin tsarawa: wa zai ga me, saƙo zai tashi daga ina ya sauka ina.

A taron da aka sanar da haka, manajan Shagari ya dube ni ya yi dariya. Dattijo ne, tsohon malamin gona, mai yawan barkwanci.

"Rankai daɗe," ya ce wa shugaba, "yaron ga na shagon hoto shi za ya gina muna gida cikin iska? To Allah shi sa ya san inda aka aza ƙohwa."

Kowa ya yi dariya, har da ni. Yanzu na san wasa ne irin wanda yake yi wa kowa. A lokacin na koma gida da maganar a ƙirjina kamar garwashi.

Da na zo zana tsarin a farar takarda, na sa babban ofis a sama. Daidai shi ne in ja layi biyu zuwa ƙasa, ɗaya ga kowane reshe. Sai na ja ɗaya zuwa Boɗinga, daga Boɗinga na ja wani zuwa Shagari. Ma'anarsa, duk rahoton da ya taso daga Shagari zai tsaya a akwatin manajan Boɗinga, sai ya danna amincewa kafin ya wuce birni. Shugaba ya ga zanen ya tambayi dalili. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ko mota daga Shagari sai ta bi ta Boɗinga." Ya gyaɗa kai. Ina jin ya ɗauka maganar waya da netwok nake yi, ban kuma gyara masa fahimta ba.

Manajanmu na Boɗinga ba ya taɓa kwamfuta. Kalmar sirrinsa a hannuna take, ni nake shiga da sunansa. Wato akwatin nan nawa ne. Na kuma tsara shafin yadda da mutum ya tura rahoto zai ga koren rubutu yana cewa an aika. Ban sa inda zai ga ko an karɓa ba.

Aka rufe rukunin waya. Rahotannin Shagari suka fara shigowa, ina ganinsu, ban danna ba. Abin da na gaya wa kaina shi ne zan jira har dattijon ya kira ni ya ce, "Ɗana, taimaka min." Hakan kawai nake so. Bai kira ba. Shi mutum ne da ba ya bin manya da tambayar ko sun ga saƙonsa, a wurinsa rashin ladabi ne. Ya ga an aika, ya ɗauka shirun daga birni yake.

Cikin rani ya rubuta cewa injinan ban ruwa na ƙungiya da ke fadamar Dandin Mahe sun lalace, albasa tana buƙatar ruwa. Na karanta. Ya sake rubutawa, na sake karantawa. A lokacin tsoro ya riga ya maye gurbin fushi, domin in na saki rahotannin gaba ɗaya, za a ga ranakun da aka turo su, a tambayi wa ya riƙe. Kullum sai in ce gobe.

Manoman Dandin Mahe suka yi asara, suka ɗauki ƙafa har birni suka kai kuka. Aka kira taro. Shugaba ya sa na haska shafin a bango. Gefen Boɗinga cike, har da hotunan gonakin Danchadi. Gefen Shagari fayau.

Dattijon ya miƙe. "Wallahi na aiko, rankai daɗe. Da hannuna. Abin ya ce mani an aika."

Shugaba ya juyo gare ni. "Kai, shafin nan yana ɓatar da saƙo?"

"Ba ya ɓatarwa, ranka ya daɗe."

Ban yi ƙarya ba, saƙonnin suna nan lafiya a inda na tsare su. Wani daga baya ya ce wataƙila Baba hoton jikokinsa yake turawa, aka yi dariya. Dattijon bai yi ba. Ya dube ni, ba da zargi ba, irin kallon mai neman a taimake shi ya gane abin da ya kuskure. Na sunkuyar da kai ina gyara wayar na'ura.

Aka sauke dattijon daga muƙaminsa, aka ce shekaru sun ja, zamani ya wuce shi.

Bayan damina ta faɗi na kasa ci gaba da riƙe abin. Na sami shugaba shi kaɗai, na durƙusa, na buɗe masa akwatin, na faɗi komai. Ya daɗe yana kallon rahotannin. Sannan ya ce in tashi.

"Kwamiti ya riga ya yanke hukunci. In munka tada maganar ga, mu duka za a yi wa dariya. Kuma tunda ba a naɗa wani ba a Shagari, tsarin naka ya yi daidai. A bar shi hakanan."

Haka aka yi. Reshen Shagari ya koma ƙaramin ofishi a ƙarƙashin Boɗinga, a hukumance, kamar yadda na zana. Ni kuma aka ƙara min matsayi, aka ce na hango nesa.

Na je Lambara, inda dattijon ya koma gonarsa. Ya shimfiɗa min tabarma, ya gaishe ni har da tambayar mahaifiyata. Na faɗa masa. Ya ɗebi ƙasa yana murzawa a tafin hannunsa.

"Ashe na iya aikawa," ya ce. "Ɗiyana sun ta yi mani ba'a, ni ma har na yarda ban iya ba."

Na ce ya yafe min. Ya ce ya ji. Sai ya tambaya ko zan iya zuwa Dandin Mahe in maimaita wannan magana a gaban manoman, domin har yau akwai waɗanda ba sa amsa sallamarsa a kasuwa.

Na ce in sha Allah. Motar da na hau ta komawa Boɗinga ta wuce mararrabar Dandin Mahe, ban ce wa direba ya tsaya ba. Har yau ban je ba.